Tambaya da Amsa: Katin Apple ko na Google Play, wanne ya dace da wayata?

Assalamu alaikum masu karatu. A 'yan makonnin nan wasiƙun da suka fi yawa a wannan fili sun shafi katin kyauta da ake sayen manhajoji da wasanni da shi a waya. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita su, domin kowace ta taɓo wani gefe na daban na al'amarin.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ya ci jarrabawar shiga jami'a, na tambaye shi abin da yake so in yi masa kyauta da shi, sai ya ce katin sayen manhaja. Na je shago an nuna mini iri biyu, ɗaya da hoton tuffa, ɗaya da wata alama mai kusurwa uku mai launuka. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne, in ɗauki wanda na ga dama, amma hankalina bai kwanta ba, sai na dawo gida ban saya ba. Wanne ya kamata in saya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun yaron. Kin yi daidai da kika janye hannu kafin ki biya, domin katunan nan biyu ba ɗaya ba ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne katin waya: kowa ya san katin MTN ba ya shiga layin Airtel komai yawan kuɗin da ke cikinsa, kuma babu wanda zai ce katin jabu ne saboda haka. Mai hoton tuffa na kamfanin Apple ne, ana kashe shi a rumbun manhajojinsa da ake kira App Store, wanda ke kan iPhone da iPad da kwamfutar Mac. Mai alamar kusurwa uku na Google ne, ana kashe shi a Google Play, rumbun da ke kan wayoyin Android. Kuɗin da ya shiga ɗaya ba ya tsallakawa zuwa ɗayan, kuma ba a mayar da shi tsabar kuɗi.

Saboda haka abin da za ki fara dubawa shi ne wayar da ke hannun yaron. Idan iPhone ce, katin Apple ne nasa. Idan kuwa Tecno ce ko Infinix ko itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa kuma su suka fi yawa a hannun jama'armu, ko Samsung ko Redmi ko Oppo, to Android ce, katin Google Play ne ya dace da ita. Akwai wayar da take buƙatar a ƙara lura, wato Huawei. Tun da Amurka ta sanya wa kamfanin takunkumi a 2019, sababbin wayoyinsa suka daina zuwa da Google Play, suna amfani da nasu rumbun mai suna AppGallery, don haka katin Google ba shi da inda zai shiga a irin wannan waya duk da kamanninta da sauran.

Sanin nau'in waya rabin aiki ne. Ɗaya rabin, wanda a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, shi ne ƙasa. Kowane kati yana ɗaure da ƙasar da aka buga shi dominta da kuma kuɗin wannan ƙasa, shi ma asusun da ke kan wayar yaron yana da ƙasar da aka yi masa rajista da ita, kuma dole ƙasashen biyu su zama ɗaya kafin kuɗin ya shiga. Katunan Apple da ke yawo a kasuwanninmu na ƙasashen waje ne, galibi na Amurka da Ingila da Kanada da Saudiyya da Daular Larabawa, kuma asusun da aka buɗe da adireshin Najeriya ba zai karɓe su ba.

Na ga wannan da idona a wata kasuwar waya a Kano, ranar da na kai tawa a canja mata gilashi. Wani matashi ya zo da katin Apple na riyal 100 da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Umara. Ya riga ya ɓare abin da ke rufe lambobin a bayan katin, ya nuna wa kyamarar wayar ta karanta, sai saƙo ya fito cewa sai a rumbun Saudiyya za a iya loda shi. Ya goge katin da gefen rigarsa, ya sake gwadawa, sannan ya zauna a kan benci ya shigar da haruffa da lambobi goma sha shidan nan ɗaya bayan ɗaya da hannu, yana zaton kyamarar ce ta yi kuskure. Saƙon bai canja ba. Katin lafiyarsa ƙalau, kawun ma da zuciya ɗaya ya saya, asusun yaron ne kawai yake ɗauke da sunan Najeriya.

Don kada haka ta same ki, ki sa yaron ya duba ƙasar asusunsa kafin ki koma shago. A iPhone zai shiga saitin waya, ya taɓa sunansa da ke can sama, ya buɗe bayanan asusunsa na saye-saye, a nan zai ga ƙasar. A Android zai buɗe Google Play, ya taɓa hotonsa da ke kusurwar sama, ya shiga saiti, ya duba inda aka rubuta ƙasa a bayanan asusu. Abin da ya gani shi za ki gwada da ƙasar da aka rubuta a jikin katin, domin ana rubuta ta a baya da ƙananan haruffa, kuma alamar kuɗin da ke gaba, dala ce ko fam ko riyal, ita ma tana faɗa miki.

Sai kuma ki tambaye shi abin da yake son saye takamaimai. Kuɗin katin Apple yana sayen manhajoji da wasanni, yana biyan Apple Music, wato manhajar sauraron waƙoƙi ta kamfanin, da ƙarin wurin ajiya na iCloud, wanda kyautarsa gigabait 5 ce kawai. A 2020 kamfanin ya haɗe katunansa biyu a Amurka suka zama ɗaya mai suna Apple Gift Card, wanda har waya da kwamfuta ake iya saye da shi a shagunan Apple na can. Ɗaya daga cikin tsofaffin katunan biyu shi ne wanda har yau 'yan kasuwa ke kira katin iTunes. Kuɗin katin Google Play yana sayen manhajoji da wasanni da littattafai da finafinai da abubuwan da ake saye a cikin wasa. Amma idan Netflix yake nufin biya, babu ɗaya daga cikin biyun da zai yi masa, domin tun 2018 Netflix ya daina karɓar sababbin masu rajista ta hanyar waɗannan rumbuna, yana da nasa katin daban.

Idan asusun yaron na Najeriya ne, kuma ba ki sami katin da aka rubuta Najeriya a jikinsa daga amintaccen wuri ba, shawarata ita ce ki tura masa kuɗin a asusunsa na banki ya biya da katin ATM ɗinsa. A 2023 Google ya fara karɓar katin Verve a Google Play domin 'yan Najeriya su biya da naira, kuma Apple Music ma da naira ake yanke farashinsa a nan. Na san kyautar da aka miƙa a hannu ta fi daɗi ga uwa, amma za ki iya rubuta masa addu'a a takarda ki haɗa da shaidar turawar.

Tambaya: Malam, yayana da ke aiki a Faransa ya aiko mini da lambobin katin Google Play na yuro 25 ta WhatsApp. Na shigar sau da yawa ya ƙi. Wani abokina ya ce in canja ƙasar asusuna zuwa Faransa. In yi hakan? Daga wani ɗalibi a Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ka kwantar da hankalinka, kuɗin bai salwanta ba. Lambobin da aka shigar suka ƙi shiga suna nan da ransu har sai wani asusu ya karɓe su. Abin da ya hana su shiga shi ne abin da na bayyana wa Hajiya a sama: katin na Faransa ne, asusunka na Nijar.

Shawarar abokinka kuwa ban goyi bayanta ba. Google ba ya barin mutum ya zaɓi ƙasa yadda ya ga dama. Yana so ya ga mutum yana cikin ƙasar da gaske kuma yana da hanyar biyan kuɗi ta can, sannan bayan an canja akwai tazarar da ya sanya kafin a sake canjawa, ta yadda za ka iya maƙalewa a rumbun Faransa ana yanka maka farashi da yuro, wasu manhajojin gida kuma su ɓace maka. Wasu matasa suna amfani da manhajar VPN su ɓoye inda suke, su rubuta adireshin ƙarya, kuma wani lokaci abin yana wucewa. Sai dai wannan saɓa wa sharuɗɗan kamfanin ne, kuma asusun da kake jefawa cikin haɗari shi ne mai ɗauke da imel ɗinka da hotunanka da lambobin mutanenka. Yuro 25 bai kai wannan ba. A ɓangaren Apple ma canjin ƙasa yana da nasa sharuɗɗa, domin sai mutum ya kashe duk abin da ya rage a asusunsa kuma ya soke rajistar da yake biya wata-wata kafin a bar shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar wa yayanka lambobin ya loda a nasa asusun, ko ya ba wani na kusa da shi a can, shi kuma ya turo maka kwatankwacin kuɗin ta hanyar da ya saba turo muku. Ka kuma gaya masa cewa ko a cikin Turai kuɗin yuro ɗaya ba ya nufin kati ɗaya, domin da sunan ƙasa ake buga shi. Duk mai ɗan'uwa a waje da ke son yi masa irin wannan alheri, ya fara gaya masa ƙasar asusunsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shekara huɗu ina amfani da Samsung, yanzu na sayi iPhone. Akwai sauran kuɗi a asusuna na Google Play, akwai kuma manhajojin da na saya. Yaya zan kwaso su? Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Malam, kuɗin ba ya kwasuwa. Google ba ya barin a tura shi ko zuwa wani asusun Google, balle zuwa na Apple. Kafin ka sayar da tsohuwar wayar ko ka ba wani, ka kashe shi a abin da zai bi ka: littattafan da ka saya za ka iya karanta su a manhajar Google Play Books da ke kan iPhone, finafinan kuma za ka same su a YouTube idan ka shiga da asusunka ɗin nan. Manhajar da ka biya kuɗi ka sauke a Android kuwa, mafi yawanci sai ka sake sayenta a App Store, sai fa wadda rajistarta take ɗaure da imel da kalmar sirrin da ka buɗe a wurin masu manhajar kansu, irin wannan kana shiga za ta gane ka. Ka kuma soke duk wata rajistar wata-wata da ke tafiya ta Google Play wadda ba ka buƙata, domin ajiye waya ba ya tsayar da cirar kuɗi.

Akwai wuri guda da katangar take da ƙofa, kuma yana da kyau masu Android su sani. Apple Music yana da manhaja a Android tun 2015, kuma ana iya loda katin Apple a cikinta a biya kuɗin sauraro, matuƙar ƙasar katin da ta asusun sun dace.

Tambaya: Malam, yarana biyu suna buga Free Fire da PUBG a waya, kullum suna roƙon in saya musu abubuwan cikin wasa. Na taɓa sa katin bankina a wayar, kafin in ankara an cire kuɗi sau uku a mako ɗaya. Shin katin kyauta zai magance wannan? Daga wani uba a Jos.

Amsa: Alhaji, a nan ne katin kyauta yake da amfani na gaske. Katin banki da aka ajiye a waya kamar famfo ne da aka bari a buɗe, shi kuwa katin kyauta kamar jarka ce, abin da aka zuba shi za a sha, in ya ƙare ya ƙare. Yaron da ya san abin da ke asusunsa ke nan har ƙarshen wata zai fara lissafi kafin ya taɓa maɓallin saye. Amma sharaɗin ƙasa yana nan daram, kuma dole ka fara cire katin bankinka daga asusun, domin idan ka bar shi, da zarar kuɗin kyautar ya ƙare wayar za ta iya komawa kansa.

Ko ka sami katin da ya dace ko ba ka samu ba, akwai matakin da ya fi shi ƙarfi kuma kyauta ne. Google yana da manhajar Family Link wadda ke sa duk abin da yaro zai saya ya jira amincewarka a taka wayar. Apple ma yana da tsarin iyali da ke haɗa mutum shida, kuma a cikinsa akwai zaɓin da ke turo wa uba ko uwa saƙon neman izini kafin a sayi komai. A duka biyun kana iya sa a riƙa neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye, kuma kalmar ta zama wadda kai kaɗai ka sani. Idan wayoyin yaran sun bambanta, ɗaya iPhone ɗaya Android, to kowa da nasa katin, kati ɗaya ba ya rabuwa biyu.

Ina ƙara da cewa, a matsayina na uba, kuɗin da ake zubawa a waɗannan wasanni ba ya dawowa kuma abin da aka saya ba ya fita daga cikin wasan. Ka zauna da su ka yanke adadin da za ka iya a wata, ka faɗa musu a fili, domin yaran da aka yi wa iyaka da bayani sun fi karɓarta a kan waɗanda aka yi wa ita da tsawa.

Tambaya: Malam, abu biyu ne. Wani a Facebook yana sayar da katin Apple na dala 100 a kusan rabin farashin canji, ina so in saya in sayar. Sannan wani da ya yi mini alkawarin aiki a Kanada ya ce in biya kuɗin takardu da katin Google Play, in turo masa hoton bayansa. Me ka gani? Daga wani matashi a Bauchi.

Amsa: Ɗana, na gode da ka tambaya kafin ka biya, kuma zan fara da na biyun domin shi ya fi gaggawa. Kada ka tura. Babu ofishin jakadanci, babu hukumar gwamnati, babu banki, babu kamfanin ɗaukar ma'aikata na gaskiya da ke karɓar kuɗi ta katin sayen manhaja. Apple da Google da kansu sun sha yin gargaɗi cewa katunansu na saye ne a rumbunansu kawai, kuma duk wanda ya nemi a biya shi haraji ko tara ko kuɗin biza da su ɗan damfara ne. Dalilin da ya sa 'yan damfara ke son wannan hanya a bayyane yake: lambobin da ke bayan katin su ne kuɗin. Wanda ya ga hotonsu zai iya loda su cikin minti ɗaya daga ko'ina, ko ya sayar wa wani, alhali katin yana nan a aljihunka babu komai a cikinsa, kuma babu sunan asusun banki da za a bi a kama shi. Irin wannan mutum yakan matsa maka da gaggawa, ya ce gurbin zai rufe yau, ya kuma hana ka shawara da kowa. Da ka ji waɗannan biyun a bakin mutum, ka katse magana.

Na farkon kuma ɗan'uwan na biyun ne. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Katin dala 100 dala 100 aka biya a kansa a shagon da ya fito, to me zai sa mutum ya rabu da shi a rabin kuɗi? Sau da yawa amsar ita ce ba shi ya biya ba. Ko dai an yaudari wata tsohuwa a Amurka ko Ingila ta saya ta karanto lambobin a waya, kamar yadda ake shirin yi maka, ko an saye shi da katin banki na sata, ko kuma an riga an loda shi, lambobin wofi za a ba ka bayan ka tura kuɗinka. Idan mai haƙƙin ya kai ƙara, kamfanin yana iya soke katin, yana kuma iya rufe asusun da ya karɓe shi. Bayan asarar dukiya akwai ta mutunci, domin cinikin irin waɗannan katuna yana cikin abubuwan da ke fitowa a shari'o'in damfarar intanet da hukumar EFCC ke kaiwa kotu, kuma mai sayen kayan sata ba ya fita da hujjar cewa bai tambaya ba. A addini ma ka san hukuncin dukiyar da aka karɓe daga mai ita ba da yardarsa ba.

Wanda zai sayi kati domin amfanin kansa, ya saya a babban shago ko a shafin kamfanin, ya duba cewa abin da ke rufe lambobin bai ɗaga ba kuma ba a sake liƙa shi ba, ya karɓi rasit ya ajiye tare da katin, domin ba a kunna kati sai an biya a wurin mai karɓar kuɗi, kuma rasit ɗin ne shaidar cewa an kunna shi. Idan kuma akwai mai karatun da ya riga ya tura wa wani lambobi, ya tuntuɓi sashen taimako na Apple ko na Google nan take ta shafinsu, da katin da rasit a hannunsa, domin idan ba a kai ga kashe kuɗin ba akwai yiwuwar a tsayar da shi. Ya adana saƙonnin da suka yi da mutumin da lambar wayarsa, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, kuma kada ya saurari duk wanda ya biyo baya yana cewa zai dawo masa da kuɗin idan ya biya wani abu.